Ƙunshin da Na Zazzage a Tit

Tun ina yarinya a Maraɗi ba a yi mini murmushi kyauta in yarda. Uwata takan ce da za a raba zargi a unguwa, ni kaɗai zan kwashe rabon gida uku. Da na zo Tamanrasset ta Aljeriya ina kitso da lalle sai halin ya ƙara kauri, don takarduna sun ƙare, 'ya'yana biyu kuma suna karatu a lekkol. Na ga matan da aka kwasa aka kai iyaka, tukunyarsu na kan wuta. Kullum tsorona ke nan, a tafi da ni yara su dawo su tarar da ƙofa a rufe.

Maƙwabciyata kuwa, wata 'yar Agadas da nake kira Yaya, ita komai alheri ne. Famfo ya ɗauke, alheri ne, mun huta da wanki. Mota ta lalace, alheri ne, Allah kaɗai ya san abin da ke gaba. Haushi take ba ni ƙwarai. Na sha faɗa a raina cewa mai dariya haka akwai abin da take rufewa.

Ƙarshen sanyi aka kira mu lallen biki a Abalessa. Muna tasha da hantsi sai ga wani tsoho mai rawani yana bin motoci da ƙunshi a hannu. Ya yi wa Yaya magana da Buzanci, wanda ba na ji. Ta amsa da fara'a, ta karɓi ƙunshin hannu biyu.

"Saƙo ne, ƙanwata," in ji ta. "'Yarsa za ta tare mu a bakin hanya. Jakata ta cika, sa mini a taki."

"Kin san shi ne, Yaya?"

"Yanzu dai na san shi," ta ce, tana dariya.

Na sa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Don me a tawa? Mota ta tashi, na zura hannu ina lalube. An naɗe shi da jarida, an rufa da tsumma, an ɗaure tam. Da na zaro hannuna sai na ga farin gari a yatsuna, mai laushi, da wani wari da ban taɓa ji ba. Ga jandarma a gaba, ga ni ba takarda, ga farin gari a jakata. Na saci kallon Yaya, tana ta raba wa fasinja gyaɗa. Na ce lalle, biri ya yi kama da mutum. Tambaya ɗaya ta isa, amma wa zan tambaya? Wadda nake zargi?

A garin Tit direba ya tsaya. Na ce zan kewaya. Bayan wata katangar lambu na kwance ƙunshin. Wasu busassun tsinkaye ne masu ƙananan furanni, garin na zuba daga jikinsu. Ban tsaya tunani ba, na zazzage su cikin magudanar ruwa, na tura da ƙafa. Na cusa tsumman da jaridar a ƙasan jaka, na wanke hannu sau uku, na dawo ina jin kaina mai wayo.

Jandarman da na yi wannan aikin don tsoronsu ko leƙo mu ba su yi ba. Hannu ɗaya suka ɗaga, muka wuce.

A Abalessa mun tarar da 'yar tsohon tsaye cikin rana, da igiyar hawan dabino a kafaɗa. Tana jin Hausa kaɗan. Ta gaishe mu, ta miƙo hannu. Yaya ta juyo gare ni. Na fito da tsumman, na faɗi abin da na yi, har da ɗaga murya, wai ni mai gaskiya.

Yaya ta karɓi tsumman ta shinshina. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Furen namijin dabino ne," ta ce a hankali. "In macen ta buɗe, ana ɗaura mata shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba shekarar ta tafi. Da kin nuna mini, ƙanwata. Cikin aikin dabino na girma."

Ashe mijin matar ya rasu bara, namijin da ke lambunsu ya bushe, maƙwabta kuma sun gama da nasu. Ubanta ya sha yawo kafin ya samo wannan. Matar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta karɓi tsumman da jaridar, ta naɗe a hankali kada ɗan garin da ya maƙale ya tashi, ta juya.

Na jira Yaya ta ce alheri ne, ba ta ce ba. Ta bar ni da lallen amarya, ta bi matar suka shiga lambu lambu suna roƙon ragowa. Ni kuwa ranar kunya ta hana ni cin abincin bikin.

Da kaka ta yi, tsohon ya zo har ƙofarmu da ƙaramin buhu daga 'yarsa. Na ce wa Yaya, "Gori ne. Ƙanƙararrun dabinon da ba su yi ba ta aiko, in gani da idona."

"Wannan karon buɗe a gabana," in ji ta.

Na buɗe. Dabino ne manya, masu sheƙi, an zaɓe su ɗaya ɗaya. Na ce ta tambaye shi ko lambun ya yi kyau ke nan. Ta tambaya, ya ɗaga yatsu biyu. Itace biyu ne suka yi a duk lambun, da garin tsumman da ɗan abin da suka roƙo. Cikinsu aka ɗebo mana.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta sa mini a hannu. Na sa a baki, zaƙi kamar zuma, na yi ta tauna, idona a kan buhun.