Tambayar da Tanko Bai Yi Ba

A gidanmu na Salaga, da an sallame isha'i Kaka Hajo kan sa doya a garwashi ta ce ba mai taɓawa sai labari ya ƙare. Mu jikoki bakwai ne, amma in ka ji haɗiyar yawunmu sai ka rantse mun kai saba'in. Iyayenta fataken goro ne, saboda haka duk tatsuniyarta sai ta bi hanya da jakuna.

"Ku ba ni kunne, ku bar wa doya ido," haka take farawa.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Tanko, wani ɗan fatake da ayarinsu ya sauka a wani ƙaton birni. Madugu ya ce da la'asar za a tashi, ba a jiran kowa. Al'adar fatake kuwa, baƙo ya fara gaida mai masaukinsa, ya riƙe sunansa, don da sunan nan ake nemo shi. Tanko ko zama bai yi ba, ya ruga kallon gari. Ya ga soraye, ya ga kasuwar da sai an kwana kafin a kai ƙarshenta. Da inuwa ta juya ya waiwaya, kowace ƙofa kamar 'yar'uwarta.

"Aka ce masa gidan wa ka sauka? Ya ce gidan mai zaure," in ji Kaka. "Kai, Sule, akwai gidan da ba zaure?"

Na ce, "Akwai, Kaka, akurkin kajinki."

"Ja'iri. Doyarka ta ragu."

Daga ƙarshe Tanko ya durƙusa gaban wata tsohuwa, ya kwance ɗan ƙunshin goronsa ya miƙa mata. Ta dubi ɗaurin ganyen ta ce, "Wannan ɗaurin Salaga ne, masu shi gida ɗaya suke sauka." Ta nuna masa hanya, ya iske ana ɗora wa jakin ƙarshe kaya.

Na yi dariyar Tanko shekara da shekaru. Sai ga shi wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina sana'ar albasa a Bawku, na bi lori zuwa Abidjan, fitata ta farko daga Gana. Direba ya ce, "Sule, da la'asar za mu juya." Na bar jakata da takarduna a mota na fita.

Jama'a, na ga gini! Wani in ka ɗaga kai kallonsa hularka za ta faɗi, kafin ka ɗauka an ƙara masa hawa biyu. Na haye gada, na kalli ruwan da ya mai da tafkin Makango na wajenmu kwanon wanke hannu. Na ci burodi mai tsawon sanda. Sai na ji kiran la'asar.

Na tare wani mai tasi, ya tambaye ni inda za ni da Faransanci, na ba shi amsa da Hausa, Dagbani da Turancin makaranta, duk a numfashi ɗaya. A nan na gane ban san sunan tashar ba, ban san sunan maigidan da ya sauke mu ba. Gumi ya karyo mini har cikin takalmi.

Can na hangi wata dattijuwa da faifan goro. Na sayi biyu, na mayar mata da ɗaya, na durƙusa.

"Iya, na ɓata."

Ta ja hanci, ta ja baya, ta ce da Hausarta mai gardama, "Ɗana, kai ne albasa ko ka kawo albasa?"

Kwana biyu na yi kwance a kan buhunan albasa a lori. Ta ce motocin albasa wuri ɗaya suke saukewa, ta gaya wa mai tasi sunan. Na iske lori ta ta da inji, direba na zagin kakannina. Ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

Da ina yaro na ɗauka labarin na wawa ne. Ashe Kaka ta san jininta: mu masu son kallo ne. Har yau ko Yendi na je, ba na ajiye jaka sai na tambayi sunan maigida sau biyu. Matata ta ce ko gidan surukaina haka nake yi. Allah Ya jiƙan Kaka Hajo, doyar da ta rage mini ta biya ni a Abidjan.