Attaher da Igiyar da Ta Zo Babu Iska

Attaher mutumin Affala ne, ta jihar Tawa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da shayi a bakin teku a Nuwadibu, can ƙasar Muritaniya, shi da yayansa Issufu.

Wata safiya rediyo ya ce babbar guguwar da ake tsoro ta lafa a tsakiyar teku, ta rikiɗe ta zama iskar sanyi, ta yi arewa. Masunta suka yi hamdala. Bayan kwana uku, da azahar, sama ta yi tas, ko ƙyalle ba ya motsi, Issufu ya gangara wanke buta. Attaher na kallo ruwa ya ja da baya shiru, sannan igiyar ruwa ta miƙe tsaye har ta fi ɗaki tsawo.

Attaher ya yi ihu, "Yaya, gudu!" Issufu ko waiwayowa bai samu yi ba, ruwa ya tafi da shi.

Ba a ga gawarsa ba. Wani tsohon masunci ya ce wa Attaher, "Guguwa takan mutu, amma igiyarta sai ta iso gaɓa."

Attaher ya komo Tawa ya riƙe 'ya'yan Issufu huɗu. Har yau, in gari ya yi tsit da rana, yakan bar shayinsa a wuta, ya tafi gida ya ƙirga yaran.