Hayaƙin Baba Gambo

Duk wanda ya taso a Kekun Waje ya san Baba Gambo, in bai san fuskarsa ba ya san tarinsa. Mutumin Tsafe ne. Ya yi karen mota, ya yi faci a Gusau, da gwiwa ta ƙi sai ya zo garinmu aka damƙa masa injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Ba shi da gona. Da kaka kowane gida kan kai masa damin gero, da shi yake ci har shekara ta zagayo.

Kullum da safe zai murɗa injin, shi yana tari injin yana tari, har baƙin hayaƙi ya wuce kan ɗorawa. Matan ƙauyukan gefe da Fulanin ruga da sun hango shi sun san ruwa ya samu.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba sai ga Madam Patience daga wata ƙungiya a Gusau. Ni aka kira tafinta, don na yi aji uku a sakandaren Bungudu kafin ni da makaranta mu gaji da juna. Ashe Hausarta ta fi Turancina nesa. Kalma ɗaya ce ta gagare mu duka. Ta ce an samu tallafi daga ƙasar waje don a rage kabon da injin gari ke fitarwa.

Na ce kabon ai baƙar takardar nan ce ta masu tafireta. Idris makanike ya ce ƙarya nake, kabon yana cikin dainamo. Baba Gambo ya rantse shi ban da gas da baƙin mai bai taɓa zuba wa injin komai ba. Madam ta yi bayani a hankali, wai kabon yana cikin hayaƙi, yana hawa sama ya taru, duniya ta ƙara zafi.

Baba Gambo ya daɗe yana kallon sama. "Ashe zahin bara ni na jawo shi?"

Ta ce ba haka take nufi ba, amma rannan ko tuwo bai ci ba.

Aka zo aka kafa wasu farantan gilashi masu shan rana da za su riƙa jawo ruwan, aka rufe injin da buhu. Baba Gambo ya tambaya wa zai riƙa tada sabon injin. Madam ta ce rana ce, shi dai ya riƙa goge gilashin.

"To, Madam, rana za a kai ma damin geron?"

Kowa ya yi dariya ban da shi. Da ma wasu magidanta sun fara cewa goge gilashi bai kai dami ba.

Ruwa ya zo shiru kamar ɓarawo. Tanki ya cika har yana zuba, amma daga ƙauyuka ba wanda ya leƙo, sun koma ɗibar ruwan tafki. Ana haka wata safiya sai ga Inna Luba daga ƙauyen gefe da ayarin mata, ba tulu ko ɗaya, sun zo gaisuwar mutuwa. Wai tunda hayaƙi ya ɗauke, lalle Gambo ya rasu. Suka tarar da mamacin a kan tsani da tsumma a hannu. Na ce su yi masa ta'aziyyar kai tsaye, ba kullum ake samun irin wannan dama ba. Inna Luba ta bi ni da takalmi.

Washegari Baba Gambo ya samo tsohuwar garwa, ya cusa ɗanyar ciyawa ya kunna. Hayaƙi ya tashi, kafin hantsi layin tuluna ya kai bakin hanya.

Da Madam ta dawo duba aiki ta hango hayaƙin tun daga titi, ta iso riƙe da kai.

"Wanga ba kabon ba ne," in ji Baba Gambo. "Sanarwa ce."

Ta ce hayaƙin ciyawa ma yana da kabon. Sai ta ce amma bai kai na gas ba. Sai ta ce a ba ta ruwa ta sha. Daga baya ta aiko masa da ƙarfen taya ya riƙa bugawa, sai dai ƙararsa ba ta kai ruga. Yanzu na kusa ƙarfe yake buga musu, na nesa ya yi musu hayaƙi kaɗan, yana yi yana ba sama haƙuri.

Da kaka dami ya zo daga kowane gida, Fulani suka ƙara da nono. Amma har yau in bazara ta matsa yakan ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko shi ne ya jawo zafin. Ni kuma nakan ce masa ranar da aka koyar da wannan ban je makaranta ba.