Donka Mai Makullin Tudu

Goggo Donka ba ta nemi aikin nan ba. Mijinta Tsanko ne yake huɗa a gindin tudun da ke bayan gonakin furen wardi na ƙauyenmu, ƙasa ta rufta da ƙafar tarakta. Ya leƙa ramin, ya shiga. Da ya fito, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Abinci suke ci, na katse su."

Masana suka zo daga Sofiya, babban birninmu, suka ce kabarin wani basarake ne na mutanen da, ya haura shekara dubu biyu. A bangon ciki an zana walima: basaraken da matarsa a zaune, kuyangi biyar na jere da akusan inabi. Aka sa ƙofar ƙarfe. Tsanko ya ƙi karɓar makullin, Donka ta karɓa, ta riƙe shi shekara talatin da ɗaya.

Ba ta buɗewa sai ta ƙwanƙwasa ta yi gaisuwa. Blagoy, direban da ke kawo baƙi, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Goggo, yaya mutanen gidan? Yau ma ba su sam miki inabin ba?"

"Rufe min baki, ɗan nema. Sun fi ka ladabi."

Dokar wurin mutum biyar-biyar ake shiga, don numfashi na ɓata zanen. Donka kuwa ba ta kuskuren ƙirga.

Wata rana da tsakar rana, lokacin tsinkar wardi, ina zaune a teburin da nake sayar da turare kusa da ƙofar. Donka ta shigar da baƙi biyar. Suna fitowa na ji tana ƙirgawa a fili, "Huɗu, biyar..." sai ta tsaya cak. Ta shida ta fito, wata siririyar mace da doguwar riga, ba takalmi, ta kare idonta da hannu saboda rana. Bayanta kawai na gani. Ba ta nufi mota ba, ta kutsa cikin gonar wardi.

Donka ta shiga ciki da sauri, ta fito ta zauna daɓas a ƙasa.

"Goggo, lafiya?"

"Kuyangi huɗu suka rage a bangon nan, 'yar nan. Je ki duba."

Na kasa shiga. Daga baya masana suka ce danshi ne ya cinye wani sashe na zanen.

Kafin sati ya zagayo ta mayar da makullin. Sauran shekarunta takwas a tashar motar ƙauye ta yi su, kullum a kan benci ɗaya, da burodi da cuku a ƙunshe, tana duban ƙafafun masu wucewa. Na taɓa tambayarta wa take jira.

"Yarinyar nan ba ta san kowa ba," in ji ta. "Ko harshenta ma babu mai ji."