Yatsu Huɗu a Bangon Inna

Duk wanda ya san ni yanzu, da wannan tumbin da ke riga ni shiga masallaci, ba zai yarda na taɓa rama har iska na juya ni a kan tsani ba. To an yi, kuma bango ne ya ramar da ni.

Gini na koya a hannun yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Filastar Yaya, in ƙuda ya sauka a kanta sai ya zame ya karya ƙafa. Yatsu huɗu gare shi a hannun dama, injin bulo ya cinye ƙaramin tun ina firamare, kuma da wannan hannun yake duba aikina. Zai zo bangona ɗanye ya shafa. In bai yi masa ba, sai ya ja yatsun nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar kaza ta yi tono, ya wuce ba magana. In aiki ya yi, wai yakan danna tafinsa sau ɗaya can sama kusa da silin. Na ce wai, domin ni ban taɓa samu ba.

Da bazara ya rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ya bar ɗakin da ya fara gina wa Inna a gidanmu na unguwar Liman Abaji a Keffi: an yi rufi, an sa ƙofa, ya shafe bango ɗaya, na yamma. Inna kuwa tana tsohon ɗakinta na ƙasa, wanda ya tsage har kana iya gaisawa da maƙwabci ta cikin tsagar. Idonta ya riga ya tafi, yanar ido ta rufe shi ruf. Kowa a gidan ya san ɗakin nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba, sai dai ba mai faɗa a gabanta.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki cokalina na gini na shiga. Na fara da bangon gabas, wanda ke fuskantar na Yaya. Nan na yi kuskure. In na shafa nawa na waiwaya, sai in ga nasa yana kallona, sumul, ko ɗigo babu. Nawa kuwa akwai wani ƙullutu a tsakiya, daidai ƙirjin mutum, wanda na bi da katako har kafaɗata ta yi tsami bai kwanta ba. Na ce gobe na gyara.

Da safe na tura ƙofa, sai na tsaya. Layi huɗu ne a jikin simintin, an ja su tun daga bakin ƙofa, sun bi bango a hankali, sun zo kan ƙullutun sun tsaya. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Huɗu.

Ni mutum ne mai surutu, ko a jana'iza sai an harare ni. Amma ranar ko uwargidana ban gaya wa ba. Na ɗauko guduma na farfashe bangon, na sake kwaɓi.

"Maigida," ta ce daga bakin murhu, "simintin nan da kake zubarwa, da tuwo ne da Keffi ta ƙoshi har a aika wa Akwanga saura."

"Aiki ne bai yi ba."

"Wa ya ce bai yi ba?"

Wa zan ce?

Na sayi kwaɗo na kulle ɗakin, na rataye makullin a ƙusar zaure. Washegari layukan na nan. Na fasa, na sake, ƙullutun ma ya sake fitowa. Suka dawo. Na san matacce ba ya dawowa, malaminmu na zaure ya faɗa, na kuma yarda. Amma yarda daban, shiga ɗakin nan kai kaɗai daban. Ko da rana tsaka akwai sanyi a ciki, ga warin ɗanyen siminti, irin warin da rigar Yaya ke yi. In ina aiki ba na juya wa bangonsa baya gaba ɗaya, sai in tsaya a karkace kamar mai ciwon wuya.

Abin ya bi ni har waje. Wata kwangila da na samu a garin Gitata, mai gidan ya duba ya ce, "Oga, ya yi kyau, ko da yake hannun marigayi daban ne." Mutumin yabo yake yi. Ni kuwa na dawo gida na kasa cin abinci. Wandona ya fara neman igiya. An yi yayyafin farko, aka yi na biyu, Inna ta kwana da roba a kan gado tana tarar ɗiga, tari ya kama ta, ni kuma ina can ina faɗa da bango ɗaya.

Wata ranar Laraba bayan la'asar hadari ya taso daga wajen Agwada, baƙi ƙirin, har kaji suka fara shiga akurki. Na baro aiki da wuri. Ina shiga zaure na ga ƙusa ba makulli. Tsakar gida ba kowa, matan sun tafi barka. Ƙofar sabon ɗakin a buɗe take kaɗan, kuma daga ciki ana jin wani sauti, shuu, shuu, a hankali, kamar ana jan tafi a kan yashi.

Ba zan ɓoye ba, ƙafafuna sun yi shawarar komawa Gitata ba tare da ni ba. Na karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Sannan na tura ƙofar.

Wani abu fari, gajere, yana tsaye a jikin bangon gabas, ya ba ni baya.

"Auta, kai ne? Numfashinka kamar na sa."

Inna ce, cikin farin mayafinta. Hannunta na kan simintin da na shafa da safe, carbinta naɗe a ƙaramin yatsa, ta lanƙwashe shi. Huɗu suka rage.

"Inna! Ke ce kike...?"

"Ɗakina nake koyo. Ko so kake in tare ina karo da bango kamar tunkiya? Kullum in na gane hanya sai ka zo da gudumarka ka rushe. Ga wani ɗan tudu nan da nake sa hannu in san na fuskanci alƙibla, shi ma ka bi ka tsane shi."

"Kuskure ne, Inna. Dubi na Yaya."

"Da wane idon? Na yayanka na shafa shi, Allah ya jiƙansa, santsi ne tun daga farko har ƙarshe, ban san inda nake ba a jikinsa. Kai dai ka ƙi gamawa ne kawai. Ruwa zai kashe ni a wancan ɗakin kana nan kana gasa da wanda ke kabari."

Aka yi tsawa. Na kinkimo katifarta da buta da akwatin ƙarfenta, na shigo da su ruwa na dukan bayana. A ɗakin ta kwana, bango ɗaya ɗanye, biyu bulo tsirara. Kafin Juma'a ta zagayo, bangon tsohon ɗakin ya zauna a kan gadon da ta bari.

Sauran biyun tana zaune na shafe su, tana jan carbi tana yi mini tsiya. Ba su yi kyau ba. Na kudu ma kamar an yi shi a cikin kwalekwale. Na gama, na wanke cokali, na fita ban waiwaya ba. Tun daga nan haka nake aiki: in gama na yau, in ɗauki abin da ya koya mini in kai gidan gaba. Shekaru sun tafi da ni a haka, har ta kai yanzu masu manyan gidaje a hanyar Abuja suna aiko mota a ɗauke ni. Ƙuda dai bai fara karyewa a bangona ba, amma yakan yi tangaɗi.

Saura abu ɗaya. Washegarin ranar da na gama na kudu, na kawo wa Inna koko, na ɗaga kai. Can sama a bangon kudun, dab da silin, inda ni kaina sai da tsani, akwai tafin hannu an danna sau ɗaya. Babba. Na tsaya da kofin har ya fara ƙona ni.

"Inna, kin hau wani abu jiya?"

"Ni da katifa ma sai na yi bismilla uku nake hawa? Miƙo kokon."

Da mai fenti ya zo na ce ya zagaye wurin. Inna ta shekara bakwai tana sallah a gaban ƙullutunta kafin ta bi Yaya. Yanzu ni ke kwana a ɗakin, kuma na sha ɗaukar tsani in je in ƙirga yatsun nan da kyau, sai in tuna ina da wani aiki a waje.