Layin da Hajiya Kubura Ta Sa Aka Soke

Wata rana Hajiya Kubura mai yaji ta yi cinikin da ya yi mata daɗi har ta kwana uku tana ba da labarinsa.

Mace ce mai kafiya. Tun da mijinta ya rasu ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Yajinta da daddawarta har Legas ake aikawa.

Tana da shafi a intanet, da adireshin imel mai sunan shagonta. Wani Malam Sagir ne ya haɗa mata, shi yake kula da su.

Sai ga wani ya zo, wai zai mayar mata da shafin wani waje mai araha. Ya rubuto jerin aikin a takarda, kowane layi da kuɗinsa.

Hajiya boko bai zauna mata ba, amma ta san ciniki: duk jerin da aka kawo maka, akwai abin sokewa a ciki.

Ta ɗora yatsa a layin ƙarshe. Mutumin ya ce na imel ne. Ta ce imel ai ga shi nan a wayarta, ba ta sayen abin da take da shi.

Ya ɗaga kafaɗa, ya soke.

A watan ne autarta Ramlatu ta nemi gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma. Shekara biyu yarinyar tana shiri. Hajiya ta ce imel ɗin shago za a sa a takardar, don a san gidan da ta fito.

Aka shiga jira.

Aka kira ƙawayen Ramlatu ganawa. Ita shiru.

Ramlatu ta duba waya da safe, ta duba da rana. Har ta daina dubawa.

Bayan wata uku wata mai sari ta bugo daga Ibadan, ta ce duk saƙon da ta turo dawo mata yake yi, ko an rufe shagon ne?

Hajiya ta haɗiye girman kai ta koma wurin Malam Sagir. Ya buɗe kwamfuta, ya duba, sannan ya kwatanta mata.

Ya ce sunan shafi kamar tashar mota ne, yana da rajista. Layi ɗaya yana nuna wa baƙi ƙofar shago. Wani layin, suna ce masa MX, shi ke gaya wa mai kawo wasiƙa inda zai sauke. Da aka yi ƙaura, na shago kawai aka rubuta. Wasiƙa ta zo, ba ta ga masauki ba, ta juya.

Nan take Hajiya ta tuna da takardar Ramlatu.

"To ɗan nan, a buɗe tashar a ba ni na wata ukun nan. Ko nawa ne, yau ba zan taya ba."

"Hajiya, ba a ajiye ba ne balle a fanso. Duk sun koma hannun masu su."

Minti biyar ya gyara layin. Biyar!

Daga nan ta wuce makarantar. Magatakarda ya duba, ya ce Ramlatu ce ta huɗu a jarrabawa. Sau biyu suka aika mata gayyata, sau biyu ta dawo. Sun ba wata gurbin, har an yi nisa da karatu.

Hajiya ta roƙa. Ita da ba ta taɓa roƙo ba, ta durƙusa. Ya ce ta yi haƙuri.

Ta iso gida ta tarar Ramlatu tana ɗaure littattafanta za ta ba 'yar maƙwabta.

Yarinyar ta ce ba komai, ta gane ƙwaƙwalwarta ce ba ta kai ba.

Hajiya ta buɗe baki.

Ta rufe.

Yau shekara guda ke nan. Ramlatu na shago tana auna yaji, uwarta na kallonta, har yanzu ba ta iya faɗa mata ba.

Darasi: 'Yan uwana mata, taya atamfa, taya tumatir, ni ma ba na saye sai na taya. Amma abin da ba ki san aikinsa ba, tambaya tukuna kafin ki ce a cire. In kin sauya wa shafinki waje, ki sa wani ya turo miki saƙo a ranar, ki ga ya shigo da idonki.

Ki tura labarin nan ga wadda kika san ba ta barin layin ƙarshe sai ta soke.