Yadda Na Kai Irin Dawar Babana Katsina a Sa Mata Albarka

Alhamis: Daga gida zuwa Katsina

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, ƙaramin buhu rungume a ƙirjina. Abin da ke ciki kwano huɗu ne na irin dawar marigayi Babana, kaura mai saurin nuna, gauraye da toka saboda ƙwari. Ita kenan ta rage mana a duniya. Bara waccan ruwa ya ɗauke, bara kuma tsoro ya hana mu zuwa gonar nesa. In wannan ta salwanta, dawar Baba ta ƙare.

Yayana Yusufu, tela da ke zaune a unguwar Kambarawa a Katsina, shi ya aiko cewa a cocinsu, ranar Babbar Juma'a, wato Juma'ar kafin Ista, kowa zai zo da abin da yake neman abinci da shi a yi masa addu'a. Inna na ji ta ce, "Dauda, ɗauke ta duka. Ba a raba albarka." Na yi gardama, amma wa ya taɓa kayar da Inna?

A tashar Malumfashi na biya dubu biyar, mu huɗu a baya, muka tashi ƙarfe bakwai. Direba ya ce in sa buhun a but.

"Malam, in ka ga an sa shi a but, to tare da ni ne."

"Zinare ne?"

"Ya fi."

Shinge uku muka wuce kafin Kankiya. A na biyu wani jami'i ya zura hannu a buhun, ya fito da shi fari fat. Ya kaɗe, ya ce, "Manomi ne, ku wuce." A Charanci fasinjoji suka sayi rake, ni kuwa na kawar da kai, don azumin kwana arba'in ɗinmu bai ƙare ba, ga rana kamar ta dafa mutum. Sha ɗaya da rabi muka shiga Katsina. Ɗan acaba ya kai ni Kambarawa a ɗari biyar.

Maman Alheri, matar Yaya, ta tare ni da tsiyarta ta kullum: "Oyoyo mijina na ƙauye! Har yanzu ba ka yi ƙiba ba?" Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi awaki. Na jingine buhun a bakin madafa, na tafi shagon Yaya a Ƙofar Marusa. Ban ce mata komai a kansa ba. Nan na tafka wautar.

Alhamis da yamma: Tuwo

Ƙarfe shida muka dawo shan ruwa. Aka ajiye mana tuwon dawa da miyar kuka, ja, mai danƙo, yana ƙamshi. Malmala uku na tashi da ita. Har ina cewa, "Kai, Yaya, ashe a birni ma ana samun dawa irin ta gida!"

Maman Alheri ta yi dariya. "To ba ta gidan ba ce? Tsarabar da ka kawo ce ai. Sai dai ku mutanen ƙauye, a murhu kuke ajiye hatsi? Sau uku na wanke toka kafin in kai inji."

Na janye hannu daga kwanon na ce, "Wallahi irin dawar Baba ne!" Yaya ya dafe kai. Da ta gane, sai ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye shar. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi faɗa, amma me zan ce? Baƙo ya zo daga ƙauye da buhun hatsi ya ajiye a bakin madafa, ko ni ne, tsaraba zan ce. Laifina ne, kuma da bakina na ci.

"Duka?" Yaya ya tambaya.

Ta ce, "Kwano biyu na niƙa. Ɗaya na ba matar mai gadi, ta riga ta surfa. Ɗaya na aika wa Hajiya Tasalla." Hajiya maƙwabciyarsu ce, Musulma, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na yi sallama a zauren Hajiya, na jira ta idar da sallar magariba. Ta fito muka gaisa, gajiya, mutan gida, zafi, ni kuwa kamar in tsallake gaisuwar. Kafin in kai ga magana ta koma ciki, ta fito da ƙwarya rufe da faifai.

"Wannan ka biyo, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Ina buɗewa na ga toka, na ce wannan iri ne, ba na ci ba. Ni a ƙauyen bayan Batagarawa na tashi, ɗana. Wanda ya ci iri, shekararsa ya ci. Na ce mai shi zai zo."

Na durƙusa ina godiya har ta gaji ta ce in tashi.

Babbar Juma'a

Ƙarfe tara muka isa coci. Na ga almakashi, na ga allurar mai gyaran takalmi, makullin babur, alli, da ludayin wata mai ƙosai. Yaya ya ajiye kan keken ɗinkinsa, ni na ajiye ƙwaryar Hajiya. Fasto bai tsawaita ba. Ya roƙa mana ruwa a kan lokaci, da hanya lafiya zuwa gona, da ciniki, da haƙurin zama da juna. Da ya ɗora hannu a kan dawar nan sai na fashe da kuka, ban ji kunyar kowa ba. Maman Alheri na gefena tana nata, muna "Amin" tare.

Na yi Ista a wurinsu. Maman Alheri ta yanka mini zakara na ban haƙuri, na ce ta ƙara yin kuskuren baɗi.

Litinin: Komawa

Ƙarfe shida na safe na kama hanya, irin a cikin ƙaramar jakar da Yaya ya ɗinka, ya rubuta IRI a jiki ɓaro-ɓaro. Sha ɗaya na isa gida. Na ajiye jakar gaban Inna, na faɗa mata komai, ina jiran ruwan faɗa.

Ta zura hannu tana murza dawar.

"Tuwon ya yi daɗi?"

"Ya yi, Inna."

"Dole. Ta ubanka ce." Ta ɗaure bakin jakar. "Da kwano ɗaya ya fara. In Allah ya kai mu kaka, damin farko na Hajiya ne."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya da matarsa. Hajiya Tasalla kuwa, Allah ya kai mu kaka in kai mata godiyata a ka.